Muryar da Ta Maƙale a Kwamfuta

Ranar da saƙon Inna Zubaidatu ya iso Kabo, ranar ce kwamfutar marigayi mijin Furera ta ga damar tayar da ƙayar baya. Ka ji abin haushi. Wata da watanni tana lallaɓawa, ba ta tashi yin gardamar gaske ba sai da safiyar da Zulaiha ta bugo waya daga Gammo.

"Anti Furera, jikin Inna fa ya ƙi daɗi. Ko kunu sai an yi da gaske take haɗiya. Jiya wata mai zuwa dubiya ta ba ta labari wai akwai na'ura a ɗakinki mai magana da muryar Yaya. Tun asuba take tambayata ko gaskiya ne. Don Allah ki kawo mata ta ji, kada a yi jinkiri."

Furera ta ce, "Yau ɗin nan in sha Allahu. Ki ce mata ina tafe."

Zulaiha ƙanwar mijin Furera ce, Inna kuwa ita ta haife shi. Mijin, Malam Abdulnasir, malamin gona ne. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya tsakanin Kabo da Sabon Birni ya san babur ɗinsa, ya san jakarsa, ya kuma san surutunsa, don mutum ne da in ya fara bayanin taki sai an tuna masa lokacin salla. Bara da damina mota ta kaɗe shi a hanyarsa ta dawowa daga wani ƙauye. Wayarsa ta farfashe a wurin, komai na cikinta ya tafi. Furera kuwa 'yar ƙaramar waya ke gare ta mai tocila, ba ta ajiye komai ba sai lambobi.

Saboda haka abin da ya rage na muryarsa a duniya kaf yana cikin tsohuwar kwamfutarsa ta tebur. Kafin rasuwarsa ya daɗe yana naɗar darussa ga manoma da Hausa, yadda ake maganin ƙuduji a gonar dawa, yadda ake ɗaure buhun wake don ƙwari, da niyyar ya zuba a memori ya rarraba a saurara a rediyo. Ajali bai bar shi ya raba ko ɗaya ba. Manhajar da ke cikin kwamfutar ma ba irin ta kowa ba ce. Ya cire wadda ta zo da ita ya sa wata da ake kira Linux, wai ita ba ta kamuwa da cutar da memorin mutane ke kwasowa, kuma ba a sayenta. Furera dai abin da ta iya guda ne: ta danna maɓalli, ta jira, ta buɗe jakar da ya rubuta wa "Darasi", sai Abdulnasir ya yi sallama.

Yana raye, a shagon ƙofar gida kwamfutar take zaune, kuma bai taɓa barin a shiga masa da kaskon turare can ba. Ita ta ɗauka tsirfa ce irin ta maza. Da ta fita takaba sai ta sa aka dawo mata da ita ɗaki, ta ɗora allon kan tebur, akwatin a ƙasa kusa da gado, ta ɗinka masa mayafi mai kwalliya ta rufa masa don ƙura. Furera kuma gwana ce a haɗin turaren wuta, da hannunta take jiƙa icen da mai da suga, ba ta yi masa rowa. Duk la'asar, daidai lokacin da a da take jin ƙarar babur ɗinsa ta tashi ta turara masa riga, sai ta zuba garwashi a kasko, ta ajiye gaban akwatin, ta kunna darasi. Ta lura akwatin yana jan hayaƙin ta gaba yana busowa ta baya, kuma wallahi abin daɗi yake yi mata. Ni dai ban ga laifinta ba.

A 'yan kwanakin nan muryar ta fara in-ina. Zai yi magana tiryan-tiryan na ɗan lokaci, sai ya kama maimaita kalma ɗaya, sai komai ya daskare. In haka ta faru sai Furera ta zare filogi daga bango ta mayar, ta ci gaba da harkarta. To da safiyar nan, bayan wayar Zulaiha, ta ce bari ta gwada kafin ta naɗe kaya. Ta danna. Allo ya yi baƙi ƙirin, fararen rubutun Turanci suka dinga gudu suna hawa sama, layi bayan layi. Ta zare ta mayar. Haka dai. Ta sake. Nan ta zauna bakin gado tana salati.

Ta yi ta maza ta naɗe akwatin a zane, ta ɗauka a ka har shagon Hambali, mai buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a kusa da sakatariya. Hambali ya haɗa, ya kunna, ya zura wa allon ido yana sosa gemu.

Ya ce, "Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Wannan Linux ce, ni kuma ban iya yarenta ba. Abin da na iya shi ne in wanke ta tas in zuba mata sabuwar manhaja, ta tashi garau. Amma in na wanke, duk abin da Malam ya ajiye ya tafi, ba dawowa."

"A'a! Don Allah kada ka wanke."

"Ai ko kin ce in wanke ba zan wanke ba. Mutumin nan ya taɓa raba ni da tsutsa a gonar masara. Ki tafi Gwarzo, bayan kasuwa, ki tambayi shagon Malama Badi'a. Ita ce na san suna irin wannan karatun da marigayi. Kuma don Allah kada ki sake kunna ta."

Allah ya saka wa Hambali da alheri. Da wani mai rigar girman kai ta tarar, da tuni an yi aika-aika. Shi ya sungumi akwatin har tasha, ya sa Furera a gaban mota, ya ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Furera ta rungume akwatin a cinya. Dawa da gero sun yi kore shar hagu da dama, amma ko kallonsu ba ta yi ba, hankalinta na Gammo.

Shagon Badi'a ɗan tsukuku ne, faifan sola a kan rufi, ciki kuma gawarwakin kwamfutoci jibge har kusa da silin. Ita kanta mai shagon gajeruwa ce mai tabarau, ga baki, irin matan da ke magana da na'ura kamar tana jinsu. Bayan an gaisa, an tambayi gida da yara da ruwan bana, Furera ta faɗi ko ita matar wane ce. Badi'a ta ajiye sukuddireban da ke hannunta.

"Allahu akbar. Matar Malam Abdulnasir? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ni na fara saka masa Linux ɗin nan, daga baya har ya zo yana yi mini gyara. Zauna, Yaya. Me ya same ta?"

Furera ta zayyana mata komai, har da rashin lafiyar Inna da alƙawarin da ta ɗauka na yau. Abu ɗaya ta bari, wato turare, don ko a mafarki ba ta kawo yana da hannu a ciki ba.

Badi'a ba ta bar kwamfutar ta tashi da manhajar cikinta ba. Ta soka mata wani filashi mai ɗauke da tasa Linux ɗin, ta tashe ta daga nan. Sannan ta buɗe wani baƙin fili ta buga 'yan haruffa, rubutu ya zubo.

Ta ce, "Kin ga daɗin Linux ke nan. Ba ta ɓoye ciwonta. Duk abin da ya same ta tun daga tashi sai ta faɗa, in dai ka iya tambaya. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. A cikin akwatin nan akwai abin da muke ce wa had-dis, ki ɗauke shi a matsayin rumbu, nan muryar Malam take. Akwai waya da ta taso daga rumbun zuwa babban allon ciki. A kan allon kuma akwai wani ɗan ƙaramin abu, kwantirola, shi ne mai shiga da fita da kaya. Rubutun nan cewa yake an aika rumbu, amsa ba ta dawo ba, an katse an sake haɗawa, an sake aikawa, shiru. Ko rumbun ne, ko wayar, ko kwantirolan. Addu'armu kada ya zama rumbun."

"In rumbun ne fa?"

Badi'a ta juya kan allo. Ta sake buga wani abu, ta ce shi had-dis yana riƙe da bayanin lafiyarsa da kansa, shi za ta tambaya. Furera ta kafa wa bakinta ido, tunda rubutun ba ya gaya mata komai. Can sai ta ga ta saki ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi. Ya ce jikinsa ba tabo ko ɗaya. Amma saƙonnin da suka lalace a hanya, tabɗi, sun yi yawa. To bari mu fara da mai sauƙi, mu canza waya."

Ta kashe, ta kwance murfin gefe. Tana ɗagawa wani ƙamshi ya bugi shagon gaba ɗaya. Badi'a ta ja da baya, ta shinshina, ta kece da dariya.

"Kai! Yaya, wannan kwamfuta ce ko ɗakin amarya? Wannan ai sandal ne da hawi. Wa yake haɗa miki?"

"Ni nake haɗa abina," in ji Furera, kunya ta kama ta.

"Lallai hannunki ya faɗa. Shekarata nawa ina buɗe akwatuna, na ga gidan gizo-gizo, na ga kashin ɓera, har ƙadangare na taɓa tararwa, amma ban taɓa buɗe mai ƙamshi ba."

Tsohuwar wayar sai da ta ja da ƙarfi kafin ta fita, bakinta ya yi danƙo ja-ja-ja. Ta goge yatsunta a tsumma, ta sa sabuwa, ta kunna. Rubutun gardamar nan bai fito ba. Suka jira, shiru. Furera har ta fara hamdala a fili, Badi'a kuma ta ce saura ta sa Linux ta bi rumbun ta daidaita abin da zare filogi ya hargitsa. Ta riga ta rubuta umarnin, yatsanta na kan maɓalli, sai ga layukan nan sun dawo, ɗaya, biyu, sannan suka ɓarke da gudu.

"La'ilaha illallahu," in ji Badi'a. Ta ɗauke hannunta.

Ta mayar da wayar wata ƙofar a jikin allon. Aka ɗan samu lafiya, aka koma gidan jiya. Dariya ta ɗauke daga fuskar mai shago. Furera ta lura da haka. Tsoro take ji sosai, ba na asarar na'ura ba, na ta shiga ɗakin tsohuwar nan hannu rabbana.

Badi'a ta kwafi layi ɗaya daga cikin rubutun, ta zuba a wayarta ta shiga nema. Ta ce akwai zaure a intanet inda masu Linux ke kai kukansu, duk wanda ya sani ya amsa. Ta yi ta murza allon wayar da babban yatsa, tana tsaki, tana wucewa. Can ta tsaya, ta gyara tabarau.

"Ji nan. Wani ya taɓa shiga irin wannan shekarun baya, wani kuma ya ba shi amsa. Ya ce in rumbu ya ce lafiyarsa lau, an canza waya, kuma ciwon ba ya tashi sai na'ura ta ɗan jima a kunne, to a taɓa kwantirola a ji, zafi ne ke gigita shi. Sannan ya rubuta da manyan baƙi: kada a kuskura a yi gyaran rumbu a kan wannan na'urar, don kwantirolan da ya rikice zai rubuta shirme a kan abin da ake son cetowa. A cire rumbun a kai wata, a kwafe shi ɗungurungum, sannan a yi gyara a kan kwafin." Ta dubi Furera. "Yaya, saura ƙiris da na yi ganganci ɗazu. Allah ne ya tsare."

"Wane ne shi, mai amsar?"

"Oho. Ko sunansa na gaskiya bai sa ba. Ban san ƙasarsa ba, ban san ko yana raye ba."

"Wa ya biya shi?"

"Ba wanda ya biya shi. Haka abin yake. Ita kanta Linux ɗin haka aka gina ta, kowa ya kawo abin da ya iya ya ajiye, mai buƙata ya ɗauka."

Furera ta jinjina kai. Ta ce, "To wannan ai rijiya ya haƙa a bakin hanya ya wuce. Allah ya shayar da shi, ko waye shi, ko ina yake."

Badi'a ta zura hannu cikin akwatin ta ɗora yatsa kan wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke zaune bisa kwantirolan. Ta fizge hannun tana yarfewa. Ta kashe na'urar, ta haska tocila, ta kira Furera ta leƙa. Ƙarfen nan da ya kamata iska ta dinga ratsa shi ya toshe da wani baƙin danƙo, zare-zaren tufafi sun manne a kai sun yi kamar bargo. Fankar gaba ma da ƙyar take juyawa in an tura ta da yatsa.

"Yaya, gaya mini gaskiya. A ina kike ajiye kaskonki?"

"A gabanta. Dab da ita."

"Kullum?"

"Kullum da la'asar. Na ga tana jan hayaƙin, sai na..." Ta kasa ƙarasawa.

"Kuma a rufe take da mayafi?"

Furera ta gyaɗa kai.

Badi'a ta yi maganar a hankali. Ta ce turaren nan mai ne da suga, hayaƙinsa in ya huce danƙo yake zama. Fanka ta yi ta zuƙowa tana shafa wa kayan ciki, mayafi ya hana zafi fita, har kwantirolan ya dahu.

Nan Furera ta fahimci dalilin da ya sa marigayi bai taɓa barin kasko ya shiga shagonsa ba. Ta rufe fuska da gefen hijabi, kuka ya ƙwace mata. Garin neman gira ta kusa rasa ido. Cewa take, "Ashe ni ce. Da hannuna. Rigarsa nake turarawa in ya dawo, yanzu ba riga, shi ne na ce bari in..."

Badi'a ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta dafa kafaɗarta. "Ya isa, Yaya. Wanda bai sani ba ai ba a kama shi da laifi. Kuma ba a yi makokin mai rai. Allon ciki ne ya tafi, rumbu na nan. Share hawayenki ki riƙe mini tocila."

Ta kwance had-dis ɗin, ɗan ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba. Furera ta yi mamakin a ce duk surutun Abdulnasir ya shige cikin wannan. Badi'a ta wanke bakinsa da auduga da sifirit har ƙarfen ya fito fes, ta haɗa shi da tata kwamfutar, ta ɗaure shi yadda za a iya karantawa amma ba a iya rubuta masa komai, ta sa kwafi. Wani siririn layi ya fara tafiya a allo, tafiyar hawainiya.

Aka kira azahar, suka yi salla a bayan kanta. Badi'a ta aika aka kawo ɗanwake, Furera ta taɓa loma biyu don kada a ce ta ƙi. Wayarta ta yi ƙara, Zulaiha ce.

"Anti, kin taso? Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai."

"Ina hanya, Zulaiha. Ki ce ta ƙara haƙuri kaɗan."

Ta ajiye wayar ta koma ta tasa layin nan a gaba. Ba abin da ta bari a cikin addu'o'in da ta sani. Kwafin ya kai ƙarshe ba tare da layin gardama ko ɗaya ya fito ba, Badi'a ta tafa hannu ta ce wa had-dis ɗin, "Yawwa ɗan albarka, ashe sharri aka yi maka."

Sai aka zo gyara a kan kwafin. Linux ta yi ta tambaya, Badi'a na amsa mata. Da aka gama ta buɗe. Ga jakar hotuna, ga ta takardun ofis. Ta "Darasi" kuwa babu ita, ko sama ko ƙasa.

Furera ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

"Zauna," in ji Badi'a. "Zare filogin da kika dinga yi yana cikin magana, shi ya goge sunan jakar. Amma Linux ba ta zubar da abin da ta tsinta. Akwai wurin da take tara kayan da suka rasa suna, kamar cigiya."

Ta buɗe wurin. Abubuwa ne rututu, ba suna sai lambobi. Ta danna na farko, hoton ganyen masara ne da tsutsa ta cinye. Na biyu ya ƙi buɗuwa. Na uku wata takarda ce ta neman hutu. Ta tsaya ta jera su bisa nauyi, ta ce murya ta fi takarda nauyi, ta zaɓi wani babba ta danna. Sifika ta yi ɗan shuu, aka ji kujera ta yi ƙara, wani ya yi gyaran murya.

"Assalamu alaikum 'yan uwana manoma. Abdulnasir ne, malaminku na gona. Yau a kan ƙuduji za mu tattauna, wannan munafukin fure mai kyan gani..."

Furera ta sulale ƙasa ta yi sujada a kan simintin shagon nan, tsakanin wayoyi da ƙusoshi. Da ta ɗago ta kama hannun Badi'a biyu ta riƙe, ta rasa abin faɗa sai "Allah ya yi miki abin da kika yi mini. Allah ya jiƙan mahaifanki. Allah ya sa kada ki taɓa neman abu ki rasa." Badi'a ta cire tabarau tana gogewa, wai ƙura ce ta shiga mata ido.

Ba duka aka samu ba. Wasu darussan sun yanke a tsakiya, wasu sun zama ƙara zalla. Amma mafi yawa sun tsira. Badi'a ta zuba su a memori, ta zuba a filashi, ta kuma bar kwafi a wurinta, ta ce abin da ake so ba a ajiye shi wuri ɗaya. Akwatin kuma a bar mata shi, za ta nemo masa wani allon ciki.

Furera ta ce, "In na dawo zan kawo miki turare kwalba guda, na musamman."

"Kawo, wallahi ina so. Amma a gida za a kunna, ba a shagon nan ba."

Suka yi dariya su biyu, Furera da ragowar hawaye a kumatu. Ta ƙulle memorin a bakin zane, ta ƙara ƙullewa, ta fita da sauri.

Rana ta yi sanyi sosai kafin ɗan acaɓa ya sauke ta a Gammo, ƙafafunta duk taɓo. Shanu na dawowa daga kiwo. Zulaiha ta tarye ta a zaure, ta dubi hannunta ta ga ba akwati, fuskarta ta canza. Furera ta ce ta kawo rediyon nan nata mai cin memori, ta bar tambaya.

Inna na kwance a kan gadon ƙarfe, ta rame ƙwarai, idonta biyu. Furera ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ya jiki. Tsohuwar ta amsa da kai, idonta na kan hannun surukarta. Aka sa memorin, aka ajiye rediyon kusa da matashinta.

"Assalamu alaikum 'yan uwana manoma."

"Wa alaikumus salam," in ji Inna, a fili, da ƙarfin muryar da aka kwana biyu ba a ji irinsa ba.

Abdulnasir ya shiga bayanin ƙuduji, yadda yake tsotse dawa ta ƙarƙashin ƙasa, yadda za a tuge shi kafin ya zubar da iri. Ya yi wata barkwanci a kan manomin da ke barin gona ga Allah shi kuma ya tafi shan shayi, ya yi wa kansa dariya. Inna ta lumshe ido, leɓenta ya motsa.

Abdulnasir ɗan fari ne. Inna kuwa irin mutanen da ce, jinin makiyaya, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba mahaluƙin da ya taɓa jin sunansa a bakinta. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". In ya zo gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa a taƙaice, sai ya fita ta bi bayansa da kallo ta jikin labule. Ranar da aka kawo gawarsa ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba.

Darasin ya zo ƙarshe, ya yi wa manoma fatan damina mai albarka, rediyon ya yi shiru. Inna ta fito da hannunta daga cikin mayafi, ta ɗora a kan rediyon.

"Abdulnasir," ta ce. Ta ɗan huta, ta sake faɗa, a hankali, kamar mai ɗanɗana abu. "Abdulnasir. Na yafe maka duniya da lahira. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Zulaiha ta toshe baki ta fice da gudu. Furera kuwa hawaye na zuba a kan hannayenta, zuciyarta cike da godiyar Allah da ta bayinsa, waɗanda ta sani da wanda ba za ta taɓa sani ba.

Inna ta juyo da kai ta dube ta.

"'Yar nan, mayar mini da shi farko. Ban gama jin sallamarsa ba."